Sanyin Ƙashi a Bakin Bahaushe da Kuma a Hoton Likita: Nazari Daga Ƙasar Ƙaraye da Rogo

GABATARWA

Duk wanda ya tashi a ƙasar Ƙaraye ko Rogo, ko ma ya taɓa kwana biyu a can a tsakiyar hunturu, ba zai rasa jin wani yana kukan sanyin ƙashi ba. Dattijon da gwiwa ta hana shi ruku'u sanyin ƙashi yake cewa. Mai jegon da yatsunta suka kumbura ita ma haka, sa'an nan yaron da ya kwana yana kuka saboda ciwon ƙafa, uwarsa sanyi za ta ɗora wa laifi. Suna ɗaya ne, amma in aka bi diddigi sai a tarar cututtuka ne dabam-dabam, waɗansu sukan yi haƙuri shekara goma, waɗansu kuwa kwana uku ma sun isa su nakasa mutum.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana alamomin da likita yake rarrabe waɗannan cututtuka da su, a jikin marar lafiya da kuma a hoton ƙashi, tare da auna su da sunayen da Bahaushe yake amfani da su. Wataƙila wani ya ce, me ya haɗa ɗalibin Hausa da ɗakin hoto? Amsar ita ce, marar lafiya da Hausa yake kai kukansa, likita kuwa da Turanci ya yi karatunsa, kuma abin da yake zubewa tsakanin harsunan nan biyu sau da yawa shi ne ainihin alamar da ake nema.

SANYI DA AMOSANI

Ƙaraye da Rogo ƙananan hukumomi biyu ne maƙwabta a yammacin Jihar Kano, daf da iyakar Katsina da Kaduna, kuma su biyun ne suka haɗu suka zama masarautar Ƙaraye bisa dokar da aka yi cikin 2024. Yawancin jama'a manoma ne, akwai kuma makiyaya. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Challawa cikin 1992 aka sami ƙarin masu su da masu noman rani, watau mutanen da aikinsu ya ƙunshi tsayuwa cikin ruwa da sanyin asuba. In irin wannan mutum ya fara ciwon gaɓa, ba ya buƙatar kowa ya faɗa masa dalili, ya riga ya sani: sanyi ne ya shige shi.

A tunanin Bahaushe sanyi abu ne mai shiga jiki ya kwanta, ta hanyar ruwa, ko danshin ƙasa, ko iska, ya bi jijiya har ya kai ga ɓargo. Saboda korarsa ne ake wankan jego da shan kunun kanwa. Wani Ba'amurke mai suna Lewis Wall, wanda ya yi bincike a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi, ya fitar da littafi cikin 1988 a kan magungunan Hausawa, inda ya nuna girman matsayin sanyi a wannan tunani, kuma Malumfashi ba ta da nisa da inda muke magana. Har ila yau kalmar takan ɗauki wata ma'ana, domin in an ce wane yana da "ciwon sanyi" to ciwon mara ake nufi, wanda ake ɗauka ta saduwa. Abin sha'awa shi ne, irin wannan ciwo yana iya kumbura gwiwa ko idon sawu bayan 'yan makonni, saboda haka haɗa su da Bahaushe ya yi ƙarƙashin suna guda ba gaba ɗaya ne ya kauce ba.

Kalma ta biyu ita ce amosani. Muna da amosanin gaɓɓai, muna da amosanin jini, watau sikila, muna kuma da amosanin kai, wanda ba ruwansa da ƙashi ko kaɗan. Abin da ya haɗa su, a ganina, shi ne naci: ciwo ne da yakan lafa ya dawo, ba ya kisa nan take, ba ya kuma barin mutum. Ke nan duka kalmomin biyu ba su faɗi abin da yake faruwa a cikin gaɓa ba. Ɗaya ta faɗi abin da ake zato shi ne sanadi, ɗayar kuma ta faɗi halin ciwon.

YADDA GAƁA TAKE

Wanda ya taɓa kallon mahauci yana raba ƙafar sa ya ga duk abin da ake buƙata. Kan kowane ƙashi lulluɓe yake da guringuntsi, fari mai santsi. Akwai wani ruwa mai yauƙi tsakaninsu, akwai kuma tantani da ya kewaye gaɓar kamar jaka, wanda shi ne yake tsatso wannan ruwa. Daga waje jijiyoyi ne suka ɗaure ƙasusuwan.

Hoton ƙashi ya samo asali ne cikin 1895, lokacin da wani Bajamushe, Wilhelm Rontgen, ya gano wani haske da yake ratsa tsoka amma ƙashi yana tare shi. Hannun matarsa na cikin abubuwan da ya fara ɗauka. A hoton, ƙashi fari yake fitowa, guringuntsi kuwa ba ya fitowa sam, sai a ga kamar akwai fili tsakanin ƙashi da ƙashi. Wannan fili shi ne ma'aunin likita. In ya ga ya tsuke, to guringuntsi ya ci.

Hanya biyu gaɓa take bi ta lalace. Ta farko zaizaya ce, watau guringuntsi ya gaji ya suɗe saboda shekaru da nauyi da tsohon rauni. Ta biyu kuwa ita ce tantanin nan ya hasala, ya yi kauri, ya tara ruwa, ya shiga cin guringuntsi da ƙashi. Masu fassara sukan kira wannan hali "kumburi", amma kalmar ta gaza, domin ƙafar mai ciki ma tana kumbura ba tare da wani zafi ba. Bahaushe yakan ce miki ya rure, in ya yi ja, ya yi zafi, ya kumbura, yana zogi. Saboda haka a wannan maƙala "rurewar gaɓa" zan riƙa cewa.

Bambancin hanyoyin nan biyu yana cikin tambaya guda: shin aiki ne yake tayar da ciwon, ko hutu? Mai zaizaya yakan tashi da safe da 'yar riƙewa ta minti goma ko ashirin, ta sake shi, sai yamma bayan ya dawo daga gona gwiwa ta dame shi. In ya tanƙwasa ta sai a ji ƙurus-ƙurus. Ciwonsa ya fi kama gwiwa da kwatangwalo da kwankwaso, da gaɓar ƙarshe ta yatsa kusa da farce, inda wasu ƙulalai masu tauri sukan fito. A hoto, musamman in a tsaye aka ɗauke shi, sai a ga filin gwiwa ya tsuke ta ɓangare ɗaya, galibi ta ciki, ƙashin da ke ƙarƙashi ya ƙara fari, ga kuma tsiron ƙashi a gefe-gefe. Wannan ne ya sa ƙafafun waɗansu tsofaffi suke lanƙwashewa kamar baka. Mai rurewa kuwa akasin haka ne: kwanciya ce take ɗaure shi, motsi ya kwance shi.

AMOSANI MAI CIN GAƁA

Babbar cutar rurewa ita ce wadda likitoci suke kira rumatoyid. Wani likitan Faransa, Landré-Beauvais, ya siffanta ta cikin 1800, sa'an nan Alfred Garrod na Landan ya raɗa mata wannan suna cikin 1859. Ba ƙwayar cuta ce take kawo ta kai tsaye ba, ba kuma sanyi ba. Garkuwar jiki ce take rikicewa ta juya kan tantanin gaɓa tana yaƙarsa kamar baƙo. Gado yana da hannu a ciki, haka ma shan taba. Ta fi kama mata, ninki biyu zuwa uku a kan maza, kuma takan fara ne a shekarun ƙarfi, ba sai an tsufa ba.

Ina da wata gwaggo a wani ƙauye na ƙasar Rogo, wadda a dā ta yi suna wajen saƙar faifai. Bayan haihuwarta ta huɗu hannuwanta suka fara ciwo. Mutanen gida suka ce ba ta yi wankan jego yadda ya kamata ba, aka ƙara mata kwanaki, aka ƙara zafin ruwa. Da na fara wannan bincike na je na gaishe ta, na ce, "Gwaggo, da wane lokaci ya fi damun ki?" Sai ta ce, "Ɗan nan, ni dai nakan farka da asuba, amma hannuna ba ya farkawa sai hantsi." Ban taɓa jin an siffanta wannan alama da kyau kamar haka ba, domin sandarewar safe da take wuce awa guda ita ce alama ta farko da likita yake tambaya. Maganar jego kuma tana da tushe, sai dai ba wanda aka zata ba. An daɗe da lura cewa cutar takan lafa lokacin da mace take da ciki, ta taso da ƙarfi a watannin farko bayan haihuwa. Ke nan lokacin ne ya zo daidai da wanka, laifin kuma ya faɗa kan wanka.

Gaɓoɓin da take fara kamawa ƙanana ne: tushen yatsu inda suka haɗu da tafin hannu, gaɓar tsakiya ta yatsa, wuyan hannu, da tushen yatsun ƙafa. Ba ta cika taɓa gaɓar kusa da farce ba, kuma wannan yana raba ta da zaizaya. Takan kama dama da hagu tare, kamar mutum da hotonsa a madubi. Kumburin mai laushi ne, in an danna kamar an danna ƙullin fulawa, ba tauri irin na ƙashi ba. In aka matse tushen yatsu huɗu gaba ɗaya, kamar yadda ake yi wajen musafaha mai ƙarfi, sai marar lafiya ya janye hannu. Mace takan fara lura da cewa zobe ya ƙi fita, ko taɓarya ta gagare ta riƙewa, ko ba ta iya matse wanki. Bugu da ƙari cutar ba ta tsaya a gaɓa ba, akwai kasala da rama da ƙarancin jini da bushewar ido, wani lokaci da ƙulalai a bayan gwiwar hannu, har takan taɓa huhu. In ta daɗe ba magani, yatsu sukan karkace su nufi wajen ƙaramin yatsa, waɗansu su lanƙwashe su yi siffar da Turawa suke kamanta wa da wuyan wata tsuntsuwar ruwa ta ƙasarsu. Mu a nan wuyan zalɓe ya fi kusa.

A hoto abubuwa huɗu ake dubawa, kuma bi da bi suke zuwa. Da fari sai inuwar kumburin tsoka kewaye da gaɓa. Sa'an nan ƙashin da ke daf da gaɓar ya dusashe, ya rage fari, alamar ya yi sako-sako. Bayan haka filin gaɓa ya tsuke, amma ko'ina daidai, ba ta ɓangare ɗaya ba. Na huɗu, wanda shi ne hatimin cutar, ƙananan ɓantarori ne a gefen kan ƙashi, wurin da guringuntsi ya ƙare tantani ya fara, kamar gara ta taɓa bakin ƙyaure. Sau da yawa a ƙafa ake fara ganinsu, a tushen ƙaramin yatsa, ko a ɗan tsinin ƙashin nan na wuyan hannu. Wannan ne dalilin da ya sa likita yakan ce a ɗauki ƙafa ko da hannu ne kaɗai yake ciwo, abin da yakan ba marasa lafiya mamaki, har wasu su zaci son kuɗi ne. Tsiron ƙashi irin na zaizaya ba ya cikin siffarta. Akwai kuma hoton wuya, domin cutar tana iya sassauta ƙasusuwa biyu na farko a ƙarƙashin ƙeya, abin da yake da hatsari in za a yi wa mutum tiyata, ko in wani ya ce zai murɗa masa wuya don ya saki.

To amma a nan ne babbar matsala take. A watannin farko hoton yakan fito lafiya lau. Ɓantarorin nan sukan bayyana ne cikin shekara ɗaya ko biyu, kuma ƙashin da ya ɓantare ba kasafai yake komawa ba. Watau lokacin da magani ya fi amfani, watanni uku zuwa shida na farko, shi ne lokacin da hoto ba ya nuna kome. Saboda haka ne ƙungiyoyin likitocin Amurka da Turai suka sake ƙa'idojin gane cutar cikin 2010, suka dogara a kan yawan gaɓoɓin da suka kumbura, da gwajin jini, da daɗewar ciwo mako shida, ba tare da jiran hoto ya lalace ba. Sikanin da MRI suna iya ganin kaurin tantani tun da wuri. Gwajin jinin ma ba shi kaɗai yake yanke hukunci ba: akwai masu cutar da ba ya nuna musu, akwai kuma waɗanda yake nuna wa alhali tarin fuka ne ko ciwon hanta ko yawan zazzaɓin sauro ya tayar da shi.

An daɗe ana cewa wannan cuta ta Turawa ce. Brian Greenwood, wanda ya yi aiki a asibitin koyarwa na Ibadan kafin ya koma Zariya cikin 1970, ya ba da rahoto a ƙarshen shekarun 1960 cewa ba ta da yawa a ƙasar Yarbawa, kuma ba ta da tsanani. Cikin 1993 wani bincike da aka yi a Igbo-Ora a kan mutum wajen 2,000 bai sami ko ɗaya mai ita ba. Amma cikin 2010 Farfesa Femi Adelowo da abokan aikinsa suka fitar da bayanin mutum 200 masu ita daga asibiti guda a Ikko, yawancinsu mata. Ni dai abin da na ɗauka daga wannan shi ne, inda aka sami mai duba ta ana samun ta. Macen da take cikin kulle a ƙauye, wadda kowa ya yarda sanyi ne yake damun ta, ba ta shiga lissafin kowa.

SAURAN DANGI

Akwai ciwon da littattafan ɗibbu na Larabci suke kira niƙris, Turawa kuma gawut. Ya fi kama maza magidanta. Mutum yakan kwanta lafiya, tsakar dare tushen babban yatsan ƙafa ya tashe shi, ya yi ja, ya yi sheƙi, ko mayafi ba ya so ya taɓa. Dalilinsa wani gishiri ne mai suna yurik asid, wanda yake taruwa a jini ya daskare cikin gaɓa kamar ƙananan allurai. Yawan jan nama da kayan ciki da giya da lemon kwalba suna ƙara shi, haka ma raunin ƙoda da waɗansu magungunan hawan jini masu sa fitsari. Yakan lafa da kansa cikin mako ɗaya ko biyu, saboda haka duk maganin da aka sha daga ƙarshe shi yake samun yabo. Sai bayan shekaru hoto yake nuna rami mai tsabtar baki a gefen ƙashi, kamar an huda da ƙusa, da ɗan leɓe ya rufo a kansa, alhali filin gaɓa da farin ƙashi suna nan yadda suke.

Akwai kuma mai kama ƙashin bayan samari, wanda yake tayar da mutum kafin asuba da ciwon kwankwaso, in ya zagaya ya ji sauƙi. Yana farawa ne daga mahaɗin ƙashin baya da ƙugu, in ya tsufa ƙasusuwan baya su manne, hoton ya fito tamkar sandar gora. Tun 1973 aka gano yana tafiya da wata alamar gado mai suna HLA-B27, wadda ba ta da yawa a Afirka ta Yamma, saboda haka ba a cika ganinsa a nan ba. Makiyaya kuma suna da nasu: ciwon bakkale na shanu yana ratsowa ga mutum ta madarar da ba a tafasa ba, ya kawo zazzaɓi mai zuwa yana dawowa da gumin dare da ciwon ƙugu.

WAƊANDA BA SA JIRA

A ƙasa irin tamu, waɗannan ne ya fi kamata a tsorata da su. In gaɓa guda ɗaya, gwiwa ko kwatangwalo, ta kumbura cikin kwana ɗaya ko biyu, ta yi zafi, ga zazzaɓi, yaro kuma ya ƙi taka ƙafa ko ya ƙi a taɓa shi, to a ɗauka ƙwayar cuta ce ta shiga ta tara mugunya, har sai an tabbatar ba haka ba ne. Mugunya tana narkar da guringuntsi cikin 'yan kwanaki. Hoto a wannan lokaci ba ya nuna kome sai ɗan kumburi, allurar da za a zuƙo ruwan gaɓa da ita ce take faɗin gaskiya. Yaron da aka kai wa maɗori aka ɗaure masa karare mako biyu, a kan zaton targaɗe ne, yakan tashi da gurguntaka. Ba wai ina rage darajar maɗora ba ne, sun san karaya, amma wannan ba karaya ba ce.

Sikila kuwa ta isa a yi mata maƙala ta kanta. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rabin gadonta. Alamarta ta farko ga jariri ita ce kumburin bayan hannu da bayan ƙafa, tun yana ɗan wata shida ko fiye. In ya girma, toshewar ƙananan hanyoyin jini takan kashe kan ƙashin cinya, sai a ga saurayi yana ɗingishi, hoto ya nuna kan ƙashin da ya kamata ya zama kamar ƙwallo ya lotse. Ƙasusuwan baya kuma sukan dusa a tsakiya su yi siffar harafin H.

Tarin fuka ma yana sauka a ƙashi. In ya kama baya yakan cinye ƙasusuwa biyu maƙwabta da faifan da ke tsakaninsu, su rufta ta gaba, ƙusumbi mai tsini ya fito, wani lokaci ƙafafu su shanye. Percivall Pott na Ingila ya siffanta wannan cikin 1779. A gwiwa ko kwatangwalo kuwa a hankali yake ci, gaɓa guda, wata da watanni, ba zafi sosai. Maganinsa shi ne na tarin fuka, kuma yana warkewa.

Sai yaron da ya yi ciwon maƙogwaro, bayan mako biyu ko uku gwiwa ta kumbura, jibi ta saki idon sawu ya kama, gata gwiwar hannu. Wannan ciwo mai yawo ba ya barin tabo a gaɓa, hoton ƙashi ma ba ya nuna shi, amma yakan lalata ƙofofin zuciya, illar ta fito bayan shekaru. Haka nan bayan sanƙarau: likitocin Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Greenwood ɗin nan da Hilton Whittle, sun ba da rahoto daga Zariya cikin 1973 cewa waɗansu masu jinya gaɓoɓinsu sukan kumbura bayan 'yan kwanaki da fara magani, ba don ƙwayar cutar tana cikin gaɓar ba, sai don ragowar yaƙin da garkuwar jiki ta yi da ita.

HOTO DA MAGANI

Daga Ƙaraye zuwa birnin Kano kimanin kilomita 90 ne, waɗansu ƙauyukan Rogo kuwa Zariya ta fi musu kusa. Wanda ya sayar da buhun masara ya kama hanyar Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe cikin 1959, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, abin da yake cikin ransa shi ne "a yi mini hoto". In an ce hoton bai nuna kome ba, sai ya dawo gida da ɗaya daga cikin fassara biyu, ko dai ba shi da ciwo, ko kuma ciwon ba na asibiti ba ne, sammu ne ko iska. Duka biyun kuskure ne, kuma kalmar "ba kome" ce ta jawo shi. Abin da ya kamata mai fassara ya ce shi ne, "ƙashi bai riga ya taɓu ba", domin wannan albishir ne, kuma kira ne a fara magani. A ɗaya gefen, akwai tsofaffi da yawa da hotonsu yake cike da tsiron ƙashi amma suna noma abinsu, saboda haka munin hoto ba shi ne ma'aunin zafin ciwo ba.

Game da magani, gashi da ruwan ɗumi da shafa man kaɗe suna sassauta sandarewa, babu laifi a cikinsu. Ƙaho da tsaga a kan gaɓar da ta kumbura kuwa ƙofa ce ake buɗe wa ƙwayar cuta. Abin da ya fi ɓarna a yau shi ne ƙwayoyin haɗi da ake ƙullawa a leda a kasuwannin ƙauye, waɗanda sau da yawa akwai firedinisolon ko deksametason a ciki. Dangin waɗannan magunguna ne Philip Hench ya fara gwadawa a Amurka cikin 1948, guragu suka miƙe, har aka ba shi kyautar Nobel cikin 1950, kafin a ga abin da suke haifarwa in an daɗe ana sha: fuska ta yi faɗi, sukari da hawan jini su taso, ƙashi ya yi rauni. Masu kashe zafi irin su dikulofenak kuma suna cin ciki da ƙoda, ba sa kuma hana ƙashi ɓantarewa. Magungunan da suke tsayar da rumatoyid dabam ne. Babbansu metotirekset, wanda ake sha sau ɗaya a mako, ba kullum ba, ba a kuma ba mai ciki ko mai shayarwa, sai da gwajin jini lokaci-lokaci. Akwai kuma wani ɗan'uwan kulorokwin da ake haɗawa da shi. Ba sa aiki sai bayan mako shida zuwa goma sha biyu, kuma a wannan tsakani ne mutane da yawa suke yanke ƙauna su koma wa ledar kasuwa.

Gwaggona ta shekara bakwai kafin a kai ta inda aka ambaci sunan ciwonta. Na ga hoton hannunta, ƙananan ƙasusuwan nan takwas na wuyan hannu sun narke sun zama kamar dunƙule guda. Yanzu tana shan maganin mako-mako, zogin ya kwanta, takan ɗaura zanenta da kanta, amma yatsun da suka karkace suna nan a karkace, kuma ba ta koma saƙa ba. 'Yarta ta biyu ta haihu bara. Da na je barka, bayan an gama gaisuwa, sai na ji Gwaggo daga ƙuryar ɗaki tana tambayar mai jego ko zobenta yana fita da safe.